Jirgin Da Mati Ya Hana Ruwa

Akwai mutanen da Allah ya yi wa hannu mai ƙaiƙayi, Mati kuwa da ana naɗa musu sarki shi za a naɗa. In ka ba shi aron tocila lafiyayya, zai dawo maka da ita ta fi da haske, sai dai ba ta ƙara mutuwa sai ka zare mata batir. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da tuni an san maganinsa. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce mai kaya bai kama masa ba, kuma duk abin da ya lalata da kyakkyawar niyya ya lalata shi. Wannan ne ya sa matarsa Yalwa ta shekara da shekaru ba ta san gaban wa za ta kai ƙara ba.

A kambo aka haife shi wajen Managil, ɗaya daga cikin ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke manne a gefen gonakin auduga. Ubansa tsinkar auduga ya yi a gonar wani har bayansa ya lanƙwashe. Ruwan da Mati ya sani yana yaro shi ne na hanyar ban-ruwa, wanda jaki kan tsallaka cibiyarsa a bushe. Da ya tasa ya gudu Wad Madani ya raɓu da masu gyaran mota. Suka fara ce masa usta, wato babban makanike, don wasa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Lokacin da raksha, 'yar kurkurar nan mai ƙafa uku, ta cika gari, shi ne mai yi mata kwalliya: madubi nan, madubi can, geza a goshi, rubutu a baya.

Wata kaka ya bi babbar mota zuwa Damazin ɗaukar riɗi, motar ta mutu kusa da Hillar Jibo, ƙauyen masunta a bakin gulbin Nil Azraƙ, ƙasa da madatsar Rusairis. Direban dai ya rantse cewa kafin Mati ya taɓa ta tari kawai take yi. Wani tsohon masunci, Baba Adam, ya ba su masauki, 'yarsa Yalwa ta riƙa kawo musu tuwo da miyar busasshen kifi. Da motar ta tashi, ta tashi babu Mati.

Baba Adam ya so shi don yana ba shi dariya, ya ba shi 'yar, ya kuma ɗauke shi cikin jirgi. Ya koya masa tuƙi da filafili da jefa komar birgi, Mati ya iya daidai gwargwado. Amma tsohon yana da ido. Tsakiyar jirgi yake zaunar da shi, kuma bai taɓa barinsa shi kaɗai da jirgin da guduma a wuri ɗaya ba. Saboda haka ƙaiƙayin ya koma cikin gida. Randar Yalwa ta gado, mai sanyaya ruwa kamar ƙanƙara, ya huda mata gindi zai sa famfo don kada matarsa ta wahala da moɗa. Randa ta rabe biyu, ya ce maginiyar ce ba ta gasa ta da kyau ba. Maginiyar kuwa ta rasu tun Yalwa na goye.

Jirgin Baba Adam na itacen bagaruwa ne, baƙi, mai nauyi, alluna ne aka haɗa da ƙusa aka cusa tsumma a tsakaninsu. Ba shi da kyan gani, amma ya ci da gida tun kafin a haifi Yalwa. Duk wanda aka yanke wa cibiya a bakin gulbi ya san irin wannan jirgi ruwa ne abincinsa. Muddin yana ciki katakon a kumbure yake, allo ya matse allo, ko zare ba ya ratsawa. In ta kama a fitar da shi don gyara, sai a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa zuba masa ruwa safe da yamma kamar mai jego, a yi maza a mayar da shi.

Da tsohon ya rasu, gado ya zama na Yalwa da yayanta Abdulmuttalib, wanda ke zaune a wani ƙauye can sama, kusa da gindin madatsa, yana da nasa jirgin da nasa iyali. Kasonsa ya fi nata, amma bai ce a sayar a raba ba. Bayan an watse daga zaman makoki ya kira ta gefe, sai dai bai rage murya ba, don yana so surukin nasa ya ji.

"Ki riƙe shi, Yalwa, shi ci da ke da ɗiyanki. Amma ranar da na ji jirgin Baba ya daina aiki, zan zo in ɗauke shi, kuma ba ni son kuka."

Ta ce ta ji. Mati ma ya ce ya ji, alhali ba a tambaye shi ba.

Shekaru suka ɗan shuɗe lafiya. Mati ya kamo, Yalwa ta feɗe ta shanya, ya zama kajaik, busasshen kifin da masu manyan gonaki ke saye buhu-buhu don miyar 'yan ƙwadago lokacin girbi. Kajaik ɗinta yana da suna, fatake kan tsallake gida uku su zo nata. Da shi ta yi wa 'yarta Hana kayan makaranta, da shi ta sake rufin ɗaki. Kowace safiya in ta sauka ɗibar ruwa takan ga jirgin ɗaure a turkensa inda ubanta ya bar shi, ranta ya kwanta.

Shekarar da aka fara maganar ƙara wa madatsa tsawo, Mati ya je Rusairis biki, wani ɗan albarka ya kai shi bakin tafki, ya ga fararen jirage masu inji suna keta ruwa kamar an jefa su. Ya dawo gida idonsa na ƙyalli. Yalwa ta san wannan ƙyallin, shi ta gani ranar randa. Ta zuba masa abinci ta ƙara nama, ko ƙoshi zai sa ya manta. Bai manta ba. Da bazara ta kama, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ya tara samari suka ciro jirgi daga ruwa, suka hawo da shi tsakar gida, suka ɗora kan tsofaffin tayoyi. Ya ce ɗan fenti kawai zai shafa, mako guda ya yi yawa.

Yalwa ta kawo jiƙaƙƙun buhuna za ta lulluɓa, ya tare ta.

"Fenti ba shi kama ɗanyen itace, Ummu Hana. Sai ya bushe ƙayau. Raksha nawa na fenta a Madani?"

"Ita rakshar, Abu Hana, cikin gulbi taka yawo?"

Ya yi dariya ya ce wallahi bakinta ya fi wuƙar fiɗarta kaifi, ya ci gaba da kankare katako. Ta yi masa bayani da lallami, ta yi da faɗa, ta yi da sunan ubanta. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai, don Mati bai taɓa katse mai magana ba. Sai ka gama tsaf sannan ya yi abin da ya yi niyya. Da ta ga haka ta koma sata: ruwan wanke-wanke, sauran ruwan alwala, duk ta bayan jirgi take watsa su. Fenti ya tashi ƙuraje-ƙuraje, ya gane, bai yi faɗa ba. Ya saro ƙaya ya kewaye jirgi kamar garken awaki, ya yi ƙofa da langa-langa, ya sa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya.

Mako guda ya haifi 'ya'ya. Fenti ya kama, shuɗi da rawaya, har da rubutu a baya. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga jirgi mai irin wannan kyau bai dace a zauna masa kan allo ba, ya samo kujerar raksha mai soso ya kafa. Soso ba ya son rana, ya yi rumfa. Rumfa ta kawo duhu, ya sa fitila da batirin mota. Tunda ga batir, me zai hana kaset? Ya sayo mataccen firij a kasuwar tsofaffin ƙarafa, ya kwantar da shi ya cika gefensa da garin katako, wai ma'ajiyar kifi ce, ranar da aka samu ƙanƙara. Ƙanƙara a Hillar Jibo kuwa sai in an yi biki. Kaji dai sun gode, sun sami wurin ƙwai. Da hantsi in rana ta bugi gefen jirgin, Yalwa kan leƙa ta cikin ƙaya ta ga haske ya ratsa tsakanin alluna ya zana layi-layi a ƙasa kamar ta cikin zana. Kullum layin ƙara faɗi yake.

Da hadari ya fara haɗuwa ta yi hamdala, ta ce abin da miji ya hana Allah zai bayar. Ranar da aka yi yayyafin farko Mati ya shigo a guje da tamfol sabo ful, ya rufe jirgi ruf, ya danne gefe da duwatsu don kada fenti ya lalace. Damina ta yi ta zuba, ɗakin kwanansu na yoyo a kan gado, jirgi yana can a bushe kamar ƙashi.

Gulbi ya cika ya yi ja, maza suna kamo kifi suna tare itacen da ruwa ya kwaso daga tuddai, Mati yana cikin ƙaya yana ƙwanƙwasa. Wani lokaci yakan bi jirgin wani ya samo na miya, shi ke nan. Yalwa, 'yar Baba Adam, ta koma tsayawa a mashaya da kwano tana sayen kifin da za ta shanya, matan da a da suke roƙonta kai da ƙaya suna ce mata ta zo da wuri gobe, za a ajiye mata. Wannan ya fi rashin kifin ciwo. Maƙwabciyarta Mairama, wadda suka yi wasan ƙasa tare, ita ce kawai take faɗa mata gaskiya, ita ma gaskiyar tata da dariya take zuwa: wai ta yi haƙuri, kowace mace da irin jinyarta.

Maza duk sun san abin da ke faruwa da katakon. Amma namiji ba ya shiga gidan namiji ya ce masa ba ka iya ba. Sukan leƙo su ce, sannu usta, aiki ya yi kyau, su fita su girgiza kai.

Sai inji ya zo. Wani abokinsa na Managil ya aiko masa da tsohon babur, injin nan da ake jan ruwa da shi zuwa gonar albasa, nauyinsa ya kai na maraƙi. Yalwa ta tafi kasuwar mako, ta dawo da la'asar ta tarar da garin katako baƙi a ƙasa ta bayan jirgi. Mati ya ari ƙarfen huda na kafinta, ya huda gindin jirgin ta baya, a daidai kaurin itacen da duk allunan suka dogara da shi, don sandar farfela ta wuce. Ya nuna mata ramin da alfahari, ya zura yatsa biyu ya motsa su. Ta ajiye kayanta, ta zauna kan turmi, ta daɗe tana kallon kaza.

Labari ba ya buƙatar inji, da kansa yake hawa gulbi. Abdulmuttalib ya bugo waya ta wayar mijin Mairama, aka kawo wa Yalwa. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya ce ya ji jirgin Baba ya zama akurki, in ruwa ya fara sauka yana nan tafe. Ta ce ƙarya ake yi, gyara ne kawai. Ya ce to zai zo ya ga gyaran.

Wannan ne ya sa Mati hanzari. Ya sanar da gari ranar gwaji, aka taru har da masu sayar da shayi. Maza suka ɗauko jirgi suna nishi, waɗanda suka ɗauke shi da bazara suka ce ba wannan suka hawo da shi ba. Aka tura shi ruwa, Mati ya hau kujerar soso, ya ja igiyar babur. Injin ya yi tari, ya kama, ya turnuƙe mashaya da baƙin hayaƙi, yara suka yi ta tsalle. Jirgi ya yi gaba kamar tsawon gora biyu. Daga nan baya ya zauna, goshi ya ɗaga sama kamar jakin da ya ƙi hanya, ruwa ya shigo ta kowane layi kamar kwando aka tsoma. Kafin Mati ya gama cewa a ba shi ƙwarya, ruwa ya kai masa gwiwa, murfin firij ya buɗe, tsohon ƙwai ya fito yana yawo. Maza suka faɗa ruwa suka ceci inji, suka jawo sauran.

Yalwa ta ratsa mutane ta je kusa da shi, ta roƙe shi a hankali, don kada a ji, ya bar jirgin a nan cikin ruwa ko na kwana kaɗan ne, zai haɗe da kansa. Ya ce fenti zai tashi. Ya sa aka sake hawo da shi gida, aka mayar cikin ƙaya. Da yamma yana shan shayi ya bayyana mata abin da ya gano: matsalar ba inji ba ce, katako ne ya tsufa, zamaninsa ya wuce. Gobe zai je Damazin ya sayo kwanon rufi da ƙusa, ya lulluɓe jikin jirgin gaba ɗaya daga waje, ya bi da kwalta. In kwano ya tare ruwan sama a kan ɗaki, me zai hana ya tare na ƙasa?

Yalwa ta san busasshiyar bagaruwa. Ta sha faskara ta a murhu. In aka bi ta da ƙusa jere-jere haka, tsagewa za ta yi sili-sili, ba kafintan da zai sake haɗa ta. Ta ƙara masa shayi, ta tambaye shi motar wane lokaci zai bi.

Da ya fita da safe, ƙurar motar ba ta kwanta ba ta tsallaka gidan Mairama. Ta ce mata jirgin nan gadonta ne, ba sadakin kowa ba, kuma yau za ta kai shi inda ubanta ya bar shi. Mairama ta ɗaura zane ta bi gida-gida. Mata suka zo da taɓarya da adda, suka janye ƙaya ta gefe suka bar ƙofa da kwaɗonta a tsaye. Suka ciro kujera, suka sauke rumfa, suka mirgino firij, suka jera komai a gindin darbejiya ba abin da ya karye, don Yalwa ta ce kayan mutum ne. Injin dama yana ƙasa tun jiya. Ta fito da tsofaffin zannuwanta da lulluɓi biyu da suka ƙoɗe, aka yayyaga, aka tsoma a gurɓin man riɗi, aka bi layi-layi ana cusawa da bakin wuƙa. Ramin baya ta sassaƙa guntun itace ta naɗe da tsumma ta buga da kan taɓarya. Suka shimfiɗa gungume, suka ɗaura jakin mai ruwa a gaba, suka gangara da shi suna waƙar daka. Mazan gari da ke gyaran koma a inuwa, ranar nan kowa ya ga komarsa na da rami mai buƙatar a sunkuya sosai. Sai da aka zo gangaren ƙarshe wani tsoho ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, a sa dutse gaba da baya daidai, kada ya kife.

A inda ruwa ya kai ƙirji suka loda masa duwatsu har ya nutse, ya zauna a kan yashi. Yalwa ta ɗaura igiya a goshinsa ta kai turke. Kumfa ta yi ta tasowa daga katakon, ƙananan ƙwayoyi ba iyaka.

Mati ya iso da la'asar a kan amalanken jaki, zaune bisa kwanon rufi yana ƙyalli. Ya buɗe kwaɗonsa da makulli, ya shiga ta ƙofa, ya tarar da tayoyi. Ya fito ya ga kayansa a jere. Yalwa tana tankaɗe.

"Ummu Hana, ina jirgin?"

"Shina gulbi."

"Na biyo ta mashaya, ban gan shi ba."

"Ka bi igiya."

Ya bi igiya, ya ga ta shige cikin ruwa, ya hango shuɗi da rawaya suna rawa a ƙasa. Ya zauna a kan yashi ya haɗa kai da gwiwa. Mazan gari, waɗanda suka danne dariya tun bazara, suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya gabansa ya ɗaga tafin hannu kamar yadda ake yi in an zo ta'aziyya. Wani ya ce Allah ya sa ya huta, ya sha jinya. Wani ya tambaya ko mamacin ya bar wasiyya. Mati ya ce musu su yi ta yi, ba a taɓa gane mai sabon abu a garinsu ba. Ya tare a bakin ruwa, sai dare ya shigo ya kwanta ya juya baya. Yalwa ta riƙa aika masa abinci, ya cinye tas, ya aiko da kwano tare da saƙon cewa ba ya cin abincin wadda ta nutsar da shi.

Jirgin yana ƙarƙashin ruwa Abdulmuttalib ya iso, shi da abokin aikinsa, a cikin nasa jirgin. Ya dubi igiya, ya dubi surukinsa, ya dubi ƙanwarsa da ta sauko da sauri ko takalmi babu. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya tuɓe riga, shi da wasu maza suka nutsa suka fitar da duwatsu, suka jijjiga jirgi har bakinsa ya fito, aka sa ƙorai aka kwalfe. Jirgi ya tashi ya tsaya kan ruwa. Aka jira. Layukan nan da haske ke ratsawa duk sun haɗe, tsumman Yalwa ya matse ko farce ba ya shiga. Yalwa ta fara tunanin abin da za ta dafa wa Yaya.

Shi kuwa ya shiga ciki ya tsuguna ta baya. Ya shafa toshiyar da ta buga, ya ce ta bugu. Sannan ya bi da ɗan yatsa daga bakin ramin zuwa gaba, a hankali, kamu ɗaya, kamu biyu, yatsan na dawowa a jiƙe. Babban itacen ya tsage tun daga hudar, rana ta ƙarasa abin da ƙarfe ya fara. Wannan ba tsagar da ruwa ke haɗewa ba ce. Ya ce sai an cire itacen an sa sabo, zai yi, yana da bagaruwa a ajiye, amma a can wurinsa.

"Yaya, ka yi shi nan. Ka ga bai mutu ba. Ni na nutsar da shi, ni na tashe shi."

"Na gani. Wanga aikin ɗiyar Adam ne, ba wanda zai ce a'a. Amma bazara ta wuce kina kallo, damina ta wuce kina kallo, sai da anka huda shi kika tuna ke ɗiyar wa ce."

"Mi kaka so in yi? In kama mijina in ɗaure?"

"Matan da kika tara shekaranjiya, da bazara ba su gari?"

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne gaskiya ya faɗa. A nan ne Mati ya matso ya gaishe da Yaya Abdu, ya ce ba sai an wahala da sabon itace ba, yana da kwano a gida, ko buɗe shi ba a yi ba, in aka naɗe wurin da shi magana ta ƙare. Abdulmuttalib ya dube shi sama da ƙasa. Ya juya ga ƙanwarsa ya ce ta ji dalilin. Jirgi zai tafi. Ba zai bar 'ya'yanta da yunwa ba: Mati zai bi shi ya yi aiki a cikinsa, kason gidan zai riƙa saukowa. Amma turken jirgin Baba daga yau a ƙofarsa yake.

Ta tuna ya ce ba ya son kuka, ba ta yi ba. Ta hau gida ta ƙulla wa Mati kayansa, ta sauko ta miƙa masa ba ta dube shi ba. Kafin ya shiga, Abdulmuttalib ya sa ya zazzage aljihu. Sukuddireba, filaya, guntun waya, ƙusa guda-guda, duk ya tattara ya zuba wa Yalwa a hannu. Aka ɗaura jirgin Baba a bayan na Yaya, aka zaunar da usta a ciki da ƙwarya yana kwalfe abin da tsagar ke shigowa da shi. Suka kama gefen gulbi suka yi sama. Har suka sha kwana ana jin muryarsa yana yi wa abokin aikin Yaya bayanin wani abu.

Mairama ta ce mata ai kifi zai riƙa zuwa, ta gode wa Allah. Yalwa ta ce ta gode. Ta ce kifi ko a kasuwa akwai.

Jirgin bai dawo Hillar Jibo ba. An sa masa sabon itace, ya ci gaba da aiki, wani lokaci in sun biyo koma da ruwa takan hango shi can tsakiya, ta san shi ko daga ina. Fatake sun dawo ƙofarta, ba duka ba. Mati ya zama mai hawa da sauka, kuma aka ce a hannun Abdulmuttalib ya zama masunci na ƙwarai, don ba a ba shi lokacin tunani.

Saukowarsa ta farko ya zo da kwando biyu, karfasa da kurungu da giwar ruwa guda mai kyau. Ya sauke, ya yi wanka, ya zo ya tsaya a kanta tana fiɗa tana jerawa a kan tabarma. Ya ce Yaya Abdu yana gaishe ta. Ya ce gyaran ya yi, ba laifi, jirgi ba ya shan ko cokali, sai dai irin aikin da ne, ba wani sabon abu a ciki. Ya ce da an ba shi ko kwana biyu ne.

Yalwa ta tsaga cikin wata karfasa, ta watsa wa kaji hanjin.

"Matsa, Abu Hana," ta ce. "Kana tare wa kifi rana."